Lambobin yabon Baba ba su fito a takardar sallamarsa ta sojan Amurka ba: ta ina za a fara gyara?

Wata baiwar Allah da ke zaune a Bronx a birnin New York ta aiko da wannan tambaya: "Mahaifina direban babbar mota ne a rundunar sojan ƙasa ta Amurka. Ya yi Iraƙi daga Fabrairun 2004 zuwa Fabrairun 2005, aka sallame shi a watan Afrilun 2005. Bam ɗin gefen hanya ya taɓa tashi da motarsa har ya suma, kuma har yau kunnensa na hagu ba ya ji sosai. A takardar sallamarsa babu Purple Heart, babu Combat Action Badge, babu lambar yaƙin Iraƙi. Wani sajansu ya taɓa ce masa an tura sunansa don a ba shi Bronze Star. An ce in cike fom ɗin DD 149. Haka ne?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ke kuma ya yi miki albarka da kika ɗauki wannan ɗawainiya. Na daɗe ina taya tsoffin sojoji bin irin waɗannan takardu, kuma shawarata ta farko ita ce ki ajiye DD 149, fom ɗin neman gyara kuskure a bayanan soja, tukuna. Fom ne na gaske, mai yiwuwa ma ki buƙace shi nan gaba, amma ƙofar ƙarshe ce. Hukumar da ke karɓarsa ba ta duba ƙorafin wanda bai fara bin ƙananan ofisoshi ba, sai ta dawo miki da takardunki bayan watanni ta ce ki je ki fara daga can.

Kafin komai, ki zauna da Baba. Tunda yana raye kuma yana cikin hankalinsa, shi ne zai sa hannu a kowace takarda, ke mai taimako ce kawai. Doka ba ta bai wa ɗa ko mata damar sa hannu sai idan tsohon sojan ya rasu ko ya kasa, shi ma da takardar shaida. Bayan zancen doka kuma, aikin nan zai sa ya sake ba da labarin ranar da bam ɗin ya tashi, dalla-dalla, ya nemi mutanen da ya rabu da su shekara ashirin. Wasu dattawan suna so, wasu kuma sun rufe wannan babin da ƙyar. Ki tambaye shi a natse, ki bi abin da ya ce.

Takardar da kike magana a kai, DD 214, akawu ne ya buga ta a ofishin sallama, daga abin da ya tarar a fayil ɗin soja a wannan ranar. Abin da bai iso fayil ba ba zai shiga ba, abin da ba a ƙirƙiro ba tukuna balle. Sojan da ya ƙagu ya koma gida kuwa yakan sa hannu bai karanta ba. Don haka abubuwa huɗun da kika lissafa ba ciwo ɗaya ke damun su ba. Biyu daga ciki, lambar Iraƙi da Combat Action Badge (tambarin shiga faɗa), lokaci ne ya riga su; Purple Heart, lambar wanda aka ji wa rauni a yaƙi, hujjar likita take nema; Bronze Star kuma, lambar jarumta ko aikin yabo, hukuncin kwamandoji ce. Idan kika cusa su a buƙata guda, mai wuyar zai riƙe mai sauƙin.

Ki fara da tara takardu. Ɗauko DD 214 ɗin, ki nemi kwafin da aka rubuta Member-4 a ƙasansa, shi ne cikakke. Gida na 11 zai nuna aikinsa, direban mota 88M ake rubuta masa. Gida na 12f kwanakin da ya yi a ƙasar waje, gida na 13 lambobin yabo, gida na 18 kuma nan ake rubuta ranar shiga da ranar fita Iraƙi. Idan wannan layin na gida na 18 yana nan kuma daidai ne, kin samu rabin hujjar lambar Iraƙi tun ba ki fita daga ɗaki ba. Sai Baba ya nemi cikakken fayil ɗinsa na aiki. Sojan ƙasa da aka sallama daga Oktoban 2002 zuwa yau fayil ɗinsa a kwamfuta yake, ana iya saukewa ta shafin milConnect, ko a cike fom ɗin SF 180 a aika cibiyar ajiyar bayanan ma'aikata ta NPRC da ke St. Louis. A rubuta a fili cewa duk fayil ɗin ake so, domin in ba a faɗa ba sukan aiko da 'yan shafuka kawai.

Za ki ji wasu suna cewa ai takardun sojoji sun ƙone. Gobarar ta faru da gaske, ranar 12 ga Yulin 1973 a St. Louis, ta cinye fayiloli tsakanin miliyan 16 zuwa 18, akasari na sojan ƙasa da aka sallama daga 1912 zuwa farkon 1960 da na sojan sama daga 1947 zuwa farkon 1964. Ba ta shafi Baba ba ko kaɗan.

Fayil ɗin lafiya daban yake da na aiki, kuma shi ne ya fi muhimmanci a nan. Na sojan ƙasa da aka sallama a 2005 Ma'aikatar Tsoffin Sojoji, wato VA, aka miƙa wa, don haka can za a nema. Idan an taɓa kwantar da shi, ko a asibitin soja na Balad ko Bagadaza, ko aka ɗauke shi zuwa Landstuhl a Jamus, to bayanan kwanciya da sunan asibitin ake ajiye su, ba a cikin fayil ɗin mutum ba. Sai an faɗi sunan asibitin da wata da shekara kafin a gano su. Mutane da yawa sukan karɓi fayil ɗin lafiya su ga babu komai su yanke ƙauna, alhali takardar tana kwance a wani akwatin. Ki kuma nemi takardun albashinsa na wata-wata daga ofishin kuɗi na DFAS. A ciki za ki ga alawus ɗin haɗari na dala 225 da cire haraji na yankin yaƙi, wata bayan wata, kuma wannan shaida ce da ba a jayayya da ita kan inda yake a wane lokaci.

Abu ɗaya da ke yawan ba mutanenmu wahala shi ne rubutun suna. Mohammed a fasfo, Muhammad a takardar zama ɗan ƙasa, Mohamed a katin asibiti, wani lokacin ma sunan uba ya koma na farko. A kowace buƙata ki jera duk yadda aka taɓa rubuta sunansa, ki haɗa da lambarsa ta Social Security, domin da ita ake gane soja a wancan zamanin. Amma kada wannan lambar ta shiga WhatsApp ko Facebook, ko da wa kike magana.

Lambar Iraƙi ita ce mai sauƙi. Majalisa ta kafa Iraq Campaign Medal a watan Mayun 2004, shugaban ƙasa ya sa hannu kan umarnin aiwatarwa a Nuwamban shekarar, ba ta fara isa hannun sojoji sosai ba sai cikin 2005. Waɗanda suka je kafin nan Global War on Terrorism Expeditionary Medal aka ba su, kuma ina kyautata zaton ita za ki gani a gida na 13. Sharaɗin ta Iraƙi kwana 30 a jere ne ko kwana 60 a rarrabe tsakanin 19 ga Maris 2003 da 31 ga Disamba 2011, Baba ya wuce haka nesa. Sai dai ba a riƙe duka biyun a kan tafiya ɗaya, idan ya nemi ta Iraƙi musanya za a yi masa, ki gaya masa ya zaɓa da kansa. Sannan a 2008 aka raba yaƙin zango-zango, kowane zango da ƙaramin tauraronsa a jikin lambar. Tafiyarsa ta ratsa biyu: wanda ya ƙare 28 ga Yunin 2004 da wanda ya fara washegari ya kai 15 ga Disambar 2005. Taurari biyu ke nan. A wannan buƙatar ki roƙi a duba lambobin da aka bai wa rukuninsu gaba ɗaya, irin su Meritorious Unit Commendation, domin umarnin irin waɗannan yakan fito shekaru bayan sojojin sun watse. Duk wannan aikin ofishin lambobin yabo na Human Resources Command ne da ke Fort Knox a Kentucky, wasiƙa ce da kwafin takardu, babu kuɗi. Idan kuwa a National Guard ya yi aiki, ofishin dakarun jiharsa za a fara taɓawa, kuma akwai wata takardar sallamar, NGB 22, ita ma a duba ta.

Combat Action Badge ranar 2 ga Mayun 2005 aka amince da ita, wato bayan an sallami Baba da 'yan makonni. Don irinsa aka yi ta. Kafin lokacin sojan ƙafa ne kawai ke da tambarin shiga faɗa, sai kuma masu jinya da nasu, alhali a Iraƙi direbobin da ke jan ayari daga Kuwait zuwa Balad kullum suna cikin wuta. An mayar da ita baya har zuwa 18 ga Satumban 2001, saboda haka 2004 tana ciki. Sharaɗin shi ne sojan yana wurin da kansa, maƙiyi ya kai masa hari ko shi ya kai, kuma ya yi aikinsa yadda doka ta ce. Bam ya tashi da motar da yake tuƙawa, wannan hari ne a kansa kai tsaye. Abin da Fort Knox ke so shi ne odar turawa Iraƙi, bayanin abin da ya faru a shafi ɗaya, da rantsuwar mutum biyu da suka gani da idonsu. Shaidun nan su ne za su yi miki aiki a Purple Heart ma, don haka sau ɗaya za ki wahala.

Purple Heart ba a roƙonta, ba a kuma ba da ita don jarumta. Haƙƙi ce da ke tabbata idan sharuɗɗa uku suka cika, kuma ba ta da wa'adi: raunin ya zo daga aikin maƙiyi, ya kai ga buƙatar maganin likita ba dubawa kawai ba, kuma an rubuta maganin a bayanan hukuma. Kusan duk buƙatar da na ga an ƙi, a sharaɗi na biyu da na uku ta faɗi. Babu mai musun cewa bam ya tashi. Tambayar da za su yi ita ce wane likita ne ya yi masa magani, yaushe, ina takardar.

A 2004 ba a ɗauki girgizar ƙwaƙwalwa da muhimmancin da ake ba ta yanzu ba. Soja ya suma ya farfaɗo, mai jinyar rukuni ya haska masa ido da tocila, ya ba shi ƙwayar ciwon kai, gobe ya koma kan sitiyari. Kwamandoji da yawa suna ganin in babu jini babu lamba, sojojin da kansu suna jin kunyar nema alhali abokinsu ya rasa ƙafa. A 2011 rundunar ta fitar da ƙa'ida a fili, ta kuma buɗe ƙofa ga waɗanda aka hana a baya su sake nema. Abin da ƙa'idar ke dubawa shi ne ko mutum ya suma, ko an hana shi cikakken aiki fiye da awa 48 saboda alamomin da suka ƙi tafiya, tare da maganin da aka rubuta. Raguwar ji da ƙarar kunne su kaɗai ba sa isa. Amma idan dodon kunnen ne ya fashe kuma likita ya rubuta haka, rundunar ta fayyace daga baya cewa wannan rauni ne da ake karɓa. Ciwon damuwar bayan yaƙi, PTSD, ba a ba da Purple Heart a kansa, ko da yake VA tana biyan diyyarsa.

Don haka idan fayil ɗin lafiya ya iso, ki bi shi shafi-shafi, kada ki tsallake rubutun hannu don ya yi wuyar karantawa. Abin da kike nema takarda ce mai suna SF 600, wadda ake rubuta kowace ziyarar asibiti a kai. Ki duba kwanan watan da ke gefen hagu, ki ga ko ya yi kusa da ranar harin. Ki nemi haruffa uku, LOC, ma'anarsu ya suma. Ki nemi inda aka rubuta an ba shi hutun kwana biyu ko uku a ɗaki, ko an rage masa aiki. Sannan ki duba ƙasan shafin, wa ya sa hannu, da muƙaminsa. Idan hafsan likita ne, alhamdu lillahi. Idan mataimakin likita ne kaɗai, ba a rufe ƙofa ba, ƙa'ida ta yarda idan hafsan likita ya rubuta a fayil cewa raunin ya kai wanda likita zai yi wa magani da yana kusa. Akwai kuma fom ɗin DD 2796 da kowane soja ke cikewa lokacin dawowa gida, inda ake tambayarsa lafiyarsa. Idan Baba ya rubuta ciwon kai ko jiri ko ƙarar kunne a can, zai taimaka, domin a lokacin aka rubuta shi.

Ina so ki riƙe wannan da kyau: takardar likitan VA da aka rubuta bayan shekara goma, mai cewa yana da raunin ƙwaƙwalwa daga Iraƙi, tana da amfani wajen diyya, amma ita kaɗai ba ta cika kawo Purple Heart ba. Ma'auni biyu ne daban. Ki haɗa ta a matsayin ƙari, kada ki ɗora ginin a kanta.

Shaidu kuwa, a nan ake yawan ɓata aiki da kyakkyawar niyya. Abokin Baba zai rubuto cewa mutumin kirki ne, jarumi ne, ya cancanci kowace lamba. Wannan wasiƙar ba ta da nauyin komai a gaban masu dubawa. Wadda ke aiki ita ce mai cewa: ni wane, muƙamina kaza, a rana kaza ina mota ta uku a ayarin, shi yana ta biyu, tsakaninmu kamar mita hamsin, a kan hanyar ayarin soja da ake kira Tampa, arewa da wuri kaza, na ga bam ya tashi a gefen direba, da na isa na same shi bai san inda yake ba, jini na fita a kunnensa na hagu, mai jinya wane ya duba shi, aka kai shi asibitin sansani, bai fita aiki ba sai bayan kwana uku. Abin da ido ya gani, ba abin da aka ji ba. Kowa ya rubuta da bakinsa. Kada ki tsara musu rubutu ɗaya su sa hannu, domin wasiƙu biyu masu kalmomi iri ɗaya sukan jawo shakka. A yi a fom ɗin DA 2823 ko a gaban notari, jami'in da ke tabbatar da rantsuwa da sa hannu, kuma kowane shaida ya haɗa da abin da ke nuna shi ma yana rukunin a lokacin, kamar nasa DD 214 da aka rufe lambobin sirri. Idan za a samu mai jinyar da ya duba shi ko kwamandan ayarin, su biyun sun fi kowa. Rukunoni da yawa suna da zaurukansu a Facebook, ta nan ake samun mutane. Baba ya tuna da sunan da suke kiransa da shi, domin wataƙila ba su san sunansa na yanka ba.

Rahoton harin na hukuma ana iya nemansa ta dokar 'yancin samun bayanai daga rundunar CENTCOM da ke Tampa a Florida, a ba su rana da wuri da sunan rukuni. Sai dai kada ki jingina da shi. Binciken da kafar labarai ta ProPublica da jaridar Seattle Times suka wallafa a 2012 ya nuna cewa rukunoni da dama sun dawo daga Iraƙi da Afghanistan ba tare da cikakkun bayanan fagensu ba, wasu an goge su daga kwamfutoci. Idan aka ce ba a samu ba, ki ajiye wannan amsar, ita ma takarda ce da za ta bayyana dalilin giɓin. Hotunan motar, wasiƙar da ya aiko gida a makon, littafin da saja ke rubuta fitar ayari, duk suna ƙara ƙarfi. Kuma ki sani ana gyara irin wannan. Bayan harin makamai masu linzami da Iran ta kai sansanin Al Asad ranar 8 ga Janairun 2020, sojoji fiye da 100 aka samu da raunin ƙwaƙwalwa, kaɗan aka bai wa lambar da farko, sai a Disambar 2021 aka amince da ƙarin 39.

Zancen Bronze Star ba zan ɓoye miki ba, shi ne mai wuya, kuma ya danganta da inda maganar ta tsaya. Idan an amince har oda ta fito, takardar ce kawai ba ta iso fayil ba, to kwafin odar ya wadatar, gyaran akawu ne. Ki bincika jakunkunan Baba, koren bangon da ake saka takardar yabo a ciki yakan kwana a ƙasan akwati shekara da shekaru. Idan sajan ya cike fom ɗin DA 638 ya miƙa amma ya ɓace a hanya, ana iya farfaɗo da shi in an tabbatar an shigar da shi cikin wa'adi. Idan kuma magana ce ta baka da ba a taɓa rubutawa ba, wa'adin shekara biyu na shigar da shawara ya wuce tuni, hanya ɗaya ta rage, sashe na 1130 na kundin dokokin soja: ɗan majalisar tarayya ya miƙa buƙatar ga Sakataren rundunar. Ɗan majalisa ba ya ba da lamba, buɗe ƙofa kawai yake yi. Baba ba zai iya ba da shawarar kansa ba, sai wanda ya san aikin da idonsa ya rubuta, sannan a nemo kwamandojinsa na wancan lokacin, na kamfani da na bataliya zuwa sama, su sa hannu ko a nuna an neme su an rasa. Ga misalin tsawon irin wannan hanya: Saja Alwyn Cashe ya ciro abokansa daga mota mai ci da wuta kusa da Samarra a Oktoban 2005, jikinsa na ƙonewa, ya rasu bayan makonni uku. Silver Star, wata lambar jarumta, aka ba shi. Kwamandan bataliyarsa, Gary Brito, ya yi shekaru yana tara shaidu, majalisa ta ɗage wa'adi a 2020, sai a Disambar 2021 aka miƙa wa iyalinsa Medal of Honor, lambar yabo mafi girma. Shekara goma sha shida, ga shi da hafsa babba tsaye a bayansa. Ra'ayina, ki gama da ukun farko, ki nemo sajan, ki ji daga bakinsa abin da ya rubuta da wanda bai rubuta ba, sannan ku yanke shawara.

To idan Fort Knox ta ƙi, a nan DD 149 ke shigowa, kuma wasiƙar ƙin ita ce tikitinki. Hukumar gyaran bayanan sojan ƙasa, ABCMR, fararen hula ne manyan ma'aikata ke zama su uku su duba fayil, ƙarƙashin sashe na 1552 na kundin dokokin soja. Tun 1946 aka kafa irin waɗannan hukumomi don majalisa ta huta da gyara wa mutum ɗaiɗai takarda. Abubuwa biyu game da ita su ne suka sa na dage kan tara hujja. Ba ta bincike, ba za ta kira shaida ko ta nemo fayil ɗin asibiti dominki ba. Kuma tana farawa ne da ɗaukar cewa abin da ke rubuce daidai ne, nauyin nuna kuskure ko zalunci yana kan mai nema, ya nuna cewa maganarsa ta fi rinjaye. Abin da kika saka a ambulan shi ne shari'ar gaba ɗaya.

A fom ɗin a faɗi gyaran da ake so kai tsaye, misali a ƙara Purple Heart a gida na 13 saboda raunin rana kaza. A sa wa kowace hujja lamba, a rubuta gajeren bayani mai bin sharuɗɗan nan uku ɗaya bayan ɗaya yana nuna shafin da ya cika kowanne. Doka ta ce a nema cikin shekara uku daga ranar da aka gano kuskuren, amma hukumar na da ikon yafe wa'adin don adalci, kuma akwai gurbi a fom ɗin na bayyana dalilin jinkiri. Kada a bar shi fanko. A faɗi gaskiya: tambarin bai wanzu ba ranar sallama, ƙa'idar girgizar ƙwaƙwalwa ta fito bayan shekara shida, bai san yana da haƙƙi ba. Hukumar tana wallafa hukunce-hukuncenta a intanet da sunaye a goge, ki karanta goma na Purple Heart, waɗanda aka ba da waɗanda aka hana, za ki gane abin da ke motsa su. Idan suka nemi ra'ayin wani ofishi za su aiko wa Baba kwafi ya mayar da martani, kada ranar ta wuce ku. Doka ta ɗora musu gama kashi 90 na buƙatu cikin wata 10, dukkansu cikin wata 18, amma a aikace jira kan zarce haka. Idan aka ƙi, ana sake nema da sabuwar hujja, bayan nan kuma akwai kotun tarayya cikin shekara shida.

Wahalar tana da riba ta zahiri. Mai Purple Heart yana shiga rukuni na 3 na fifiko a asibitocin VA, ana gaggauta duba buƙatunsa na diyya, yana da ƙarin maki 10 a neman aikin gwamnatin tarayya, yana samun cikakken tallafin karatu na Post-9/11 GI Bill ko nawa ne tsawon aikinsa, kuma tun Janairun 2020 yana iya sayayya a kantunan barikin soja. Ita kanta Combat Action Badge tana tabbatar wa VA cewa ya shiga faɗa, wanda ke sa a karɓi maganar bakinsa kan abin da ya same shi a fage ba tare da an matsa masa ya kawo takardar kowane abu ba. Ga mai matsalar kunne da ciwon kai, wannan kaɗai ya isa dalilin farawa da ita. Kafin oda ta fito dai kada ya rubuta ɗaya daga cikinsu a wata takardar neman aiki ko tallafi, domin dokar Stolen Valor ta 2013 ta haramta iƙirarin waɗannan lambobi da ƙarya don samun amfani, kuma ba ma son a sami abin faɗa a kansa.

Kada ki biya kowa kuɗi a wannan matakin. Ƙungiyoyin tsoffin sojoji na DAV, VFW da American Legion suna da jami'an da aka tantance masu yin wannan kyauta, haka ma ofishin kula da tsoffin sojoji na birnin New York, da asibitocin shari'a na wasu jami'o'i idan abin ya kai gaban hukuma. Kwafi za ki riƙa aikawa, asalin takardu su zauna a gida, kuma ki ajiye shaidar ranar da kika tura kowane abu.

Idan gyaran ya fito, za a aiko da DD 215, ƙaramar takarda mai gyara ta farko, ko a sake buga sabuwar DD 214 gaba ɗaya. Idan DD 215 ce, tare ake nuna su ko'ina, ki manne su wuri guda. Ki karanta ta a ranar da ta iso, a ga taurarin biyu sun shiga kuma an rubuta sunan daidai. Sannan Baba ya kai kwafi ofishin rajista na asibitin VA da yake zuwa, ya kuma tura wani cikin fayil ɗinsa na diyya, kada ya jira su gano da kansu, domin sai sun gani a rubuce za su canza masa rukuni.